Ahmad Baba na Timbuktu: Malamin da Ya Adana Tarihin Garinsu

Idan aka ce ku ambaci garuruwan da suka yi suna saboda jami'a, mai yiwuwa ku fara da Ibadan, ko Nsukka, ko Zariya, ko Ile-Ife. Jami'ar Ibadan, wadda ita ce ta farko a Nijeriya, an buɗe ta ne a shekarar 1948. To, shekara 400 kafin wannan lokaci, akwai wani birni a Afirka ta Yamma wanda ɗalibai suke yin tafiyar watanni don su je karatu a cikinsa. Sunan birnin Timbuktu, Hausawan da kuwa suna kiransa Tambutu. A yau yana cikin ƙasar Mali.

A wannan darasi za ku karanta tarihin Ahmad Baba, malamin da ya fi kowa shahara a birnin. Ya ga garinsu lokacin da yake kan ganiyarsa, ya kuma ga ranar da baƙi suka ci shi da yaƙi. An kama shi, an kwashe littattafansa, an kai shi ƙasa mai nisa. A can ya zauna ya rubuta sunayen malaman garinsu da ayyukansu don kada su ɓace. Abubuwa da yawa da muka sani yau game da malaman Timbuktu ta hannunsa suka iso gare mu. Yayin da kuke karatu, ku riƙa tambayar kanku: wa ya rubuta tarihin garinmu, kuma a ina aka ajiye shi?

Birnin Timbuktu

Timbuktu tana bakin hamadar Sahara, 'yan kilomitoci arewa da Kogin Neja, wato kogin da Hausawa suke kira Kwara. Abzinawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1100. Da fari zango ne kawai na makiyaya. Amma wurin ya dace da ciniki, domin a nan ne raƙumi yake haɗuwa da kwalekwale. Ayarin raƙuma yana kawo gishiri daga Tagaza, da tufafi da takarda da littattafai daga Afirka ta Arewa. Jiragen ruwa kuwa suna kawo zinariya da hatsi da goro daga kudu, su sauke a tashar Kabara. Har da bayi ake saye da sayarwa a wannan hanya, kuma za ku sake cin karo da maganarsu a gaba.

Sarkin Mali, Mansa Musa, ya tafi aikin hajji a shekarar 1324. A kan hanyarsa ta dawowa ya biyo ta Timbuktu, ya sa aka gina babban masallacin da ake kira Jingareber. Akwai kuma wasu manyan masallatai biyu, Sankore da Sidi Yahaya. Dukansu da ƙasa aka gina su, kuma suna nan tsaye har yanzu.

Wajen shekarar 1468 Sonni Ali, sarkin Songhai, ya ci birnin. Bai yi zaman lafiya da malamai ba, har da yawa daga cikinsu suka gudu zuwa Walata. Da Askiya Muhammadu ya hau mulki a shekarar 1493, sai al'amura suka canza. Ya girmama malamai, ya riƙa neman shawararsu. Wani matafiyi mai suna Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ziyarci birnin a farkon ƙarni na 16. Ya rubuta cewa cinikin littattafai ya fi cinikin sauran kayayyaki riba a kasuwar Timbuktu.

Sau da yawa za ku ji ana cewa Jami'ar Sankore. Ya kamata ku fahimci abin da ake nufi. Babu azuzuwa da kujeru, babu ofishin shugaba, babu jarrabawar shiga. Sankore sunan masallaci ne da unguwar da malamai suke zaune. Ɗalibi yakan zaɓi malaminsa, ya zauna gabansa a masallaci ko a gida, ya karanta littafi daga farko har ƙarshe. Idan malamin ya gamsu, sai ya ba shi ijaza, wato shaidar cewa ya iya littafin, kuma yana da izinin koyar da shi. Wanda ya taɓa ganin karatun zaure a Kano ko Zariya ko Ilori, ya ga irin wannan tsari.

Haihuwarsa da gidansu

An haifi Ahmad Baba a watan Oktoba na shekarar 1556. Littattafan tarihi da dama sun ce a Arawan aka haife shi, wani gari na cikin hamada da ke arewa da Timbuktu. A Timbuktu dai ya tashi, a nan kuma ya yi karatu. Danginsa 'yan ƙabilar Masufa ne, wani reshe na Sanhaja. Ana kiran gidansu gidan Akit.

Gidan Akit gidan malamai ne da alƙalai. Kusan shekara 100 alƙalancin Timbuktu yana hannunsu. A wancan zamani alƙali shi ne babban mai faɗa a ji a birnin. Shi yake yanke shari'a, shi yake kula da masallatai da dukiyar marayu, kuma sarakunan Songhai kansu suna jin nauyinsa. Ɗaya daga cikin alƙalan gidan, mai suna Al-Akib, shi ya sake gina masallacin Sankore lokacin Ahmad Baba yana saurayi.

Akwai dangantaka tsakanin wannan gida da ƙasar Hausa. Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmad, ya yi hajji wajen shekarar 1485, ya haɗu da babban malamin Masar, Imam Suyuɗi. Da ya dawo ya tarar ana cikin fitinar Sonni Ali, sai ya nufi Kano da wasu garuruwa, ya koyar a can na ɗan lokaci kafin ya koma gida. Wannan ya nuna muku cewa tun fiye da shekara 500 da suka wuce, malamai suna kai da kawowa tsakanin Timbuktu da ƙasar da ake kira Nijeriya a yau.

Malaminsa Muhammad Bagayogo

Ahmad Baba ya fara karatu a wurin mahaifinsa da 'yan uwan mahaifinsa. Amma malamin da ya fi tasiri a rayuwarsa shi ne Muhammad Bagayogo, mutumin Jenne, ɗan ƙabilar Wangarawa. Ahmad Baba ya lizimce shi fiye da shekara 10. A wurinsa ya karanta Muwaɗɗa ta Imam Malik, da Muhtasar na Halil, wanda ya maimaita wajen sau takwas, da manyan littattafan nahawun Larabci.

Daga baya Ahmad Baba ya bayyana yadda malaminsa yake tafiyar da wuninsa. Bayan sallar asuba yakan fara koyarwa har hantsi. Daga nan wani lokaci ya tafi wurin alƙali don ya roƙa wa wani mai matsala, ko ya sulhunta masu faɗa. Sai ya dawo gida ya ci gaba da koyarwa har azahar. Bayan azahar ya koyar har la'asar. Bayan la'asar ya tafi wani wuri ya koyar har faɗuwar rana. Bayan magariba ya zauna a masallaci ya koyar har isha'i, sannan ya koma gida. Ba ya gajiya da ɗalibi mai nauyin fahimta, yakan yi ta maimaita masa har sauran ɗalibai su ƙosa.

Wani halinsa kuma shi ne ba da aron littattafai. Ku tuna cewa a lokacin babu injin buga littafi a yankin. Kowane littafi da hannu ake kwafarsa, kuma aikin yana iya ɗaukar watanni. Duk da haka, ɗalibin da bai sani ba yakan zo ƙofar gidansa ya nemi littafi mai tsada, ya ɗauko ya ba shi. Wasu ba sa mayarwa, shi kuma bai daina bayarwa ba.

Me ya sa muka san waɗannan ƙananan abubuwa game da mutumin da ya rasu fiye da shekara 400 da suka wuce? Saboda ɗalibinsa ya lura da su, ya ga sun isa a rubuta, ya kuma rubuta su. Ku riƙe wannan, domin shi ne zuciyar darasinmu.

Ahmad Baba ya zama malami shi ma. Ya fara rubuta littattafai, ya kuma tara nasa. Kafin ya kai shekara 40, littattafan da ke ɗakin karatunsa sun kai 1,600. Shi da kansa ya ce nasa ne mafi ƙanƙanta idan aka gwada da na 'yan uwansa.

Yaƙin Tondibi da kama malamai

A arewa, hayin hamada, akwai sarkin Maroko mai suna Ahmad al-Mansur. Idonsa yana kan gishirin Tagaza da zinariyar ƙasar Songhai. A ƙarshen shekarar 1590 ya tura runduna ta sojoji kimanin 4,000 ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Judar. Suka ƙetare hamada da bindigogi. A watan Maris na 1591 suka gwabza da rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu a wani wuri da ake kira Tondibi, kusa da Gao. Mayaƙan Songhai sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma masu da takubba da kibau ba su iya tsayawa gaban bindiga ba. Daular Songhai ta faɗi, sojojin Maroko suka shiga Timbuktu.

Mutanen birnin ba su ji daɗin sabon mulkin ba. An ƙwace gidaje, an yi tarzoma. Sabon kwamandan da aka turo, Mahmud ibn Zarkun, ya zargi malamai da hura wutar tawaye, musamman 'yan gidan Akit. A watan Oktoba na 1593 ya sa aka tara su a masallacin Sankore, da sunan za su sabunta mubaya'a ga sarkin Maroko. Da suka shiga sai aka kama su. An kashe wasu a kan hanyar kai su kurkuku, aka wawashe gidajensu. Littattafan Ahmad Baba suna cikin abin da aka kwashe.

Bayan watanni suna tsare, a watan Maris na 1594 aka tasa ƙeyarsu zuwa Maroko a cikin sarƙa, tare da mata da 'ya'ya. Har da alƙalin birnin, Umar, wanda tsoho ne ƙwarai. Tafiyar ta ɗauki kimanin wata biyu cikin zafi da ƙishirwa. A hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Haka ya isa birnin Marakesh, aka jefa shi a kurkuku.

Ku dubi girman asarar da Timbuktu ta yi. Ana iya sake gina gidan da ya rushe, ana iya sake cika kasuwa da kaya. Amma a garin da ilimi yake tafiya daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, idan aka kwashe malamai gaba ɗaya, an yanke igiyar da ta haɗa na da da na yanzu.

Zamansa a Marakesh

Ahmad Baba ya yi shekara biyu a tsare. A shekarar 1596 aka sake shi, bisa sharaɗin ba zai bar Marakesh ba.

Wani marubucin tarihin Maroko ya ba da labarin ranar da aka kai shi gaban sarki. Al'adar Al-Mansur ce ya yi magana da mutane daga bayan labule. Ahmad Baba ya ƙi yarda da haka, ya nuna masa cewa yin magana daga bayan shamaki bai dace da ɗan Adam ba. Sai da sarkin ya fito fili, sannan ya yi magana. Ya tambaye shi dalilin da ya sa aka wawashe dukiyarsa, aka ɓatar da littattafansa, aka kawo shi cikin sarƙa har ya karye. Sarkin ya amsa cewa yana son ya haɗa kan Musulmi ne. Ahmad Baba ya tambaye shi abin da ya hana shi farawa da Turkawan da ke mulki a Tilimsan, waɗanda suka fi kusa da shi. Ku lura cewa mai wannan magana fursuna ne, a ƙasar da ba tasa ba, a gaban sarkin da yake iya sa a kashe shi nan take.

Malaman Maroko sun gane darajarsa da wuri. Suka matsa masa ya koyar, ya fara karatu a Masallacin Sharifai na Marakesh. Jama'a suka yi ta tururuwa, har da alƙalai da manyan malamai da suka girme shi. Mashahurin marubucin nan Al-Makkari yana cikin waɗanda suka karɓi ijaza daga gare shi. Ana kuma aiko masa da tambayoyi daga garuruwa daban-daban yana ba da fatawa. Mutumin da aka kawo a ɗaure ya zama malamin masu ƙasar.

Littafin da ya raya sunayen malamai

A Marakesh ne ya kammala littafinsa mafi shahara, Nailul Ibtihaji, a shekarar 1596. Littafin ya ƙunshi taƙaitaccen tarihin malamai kimanin 800 na mazhabar Malikiyya. Wani malamin Madina mai suna Ibn Farhun ya riga ya rubuta irinsa tun ƙarni na 14. Ahmad Baba ya ɗora daga inda ya tsaya, ya kuma cike giɓin da ya bari. Bayan 'yan shekaru ya taƙaita littafin, ya gyara shi, ya sa masa suna Kifayatul Muhtaji.

Yawancin malaman da ke cikin littafin mutanen Afirka ta Arewa ne da Andalus da Masar. Amma Ahmad Baba ya jera malaman ƙasarsa tare da su, kafaɗa da kafaɗa. Ya rubuta tarihin kakansa, da mahaifinsa, da alƙalan gidansu, da malaminsa Bagayogo. A kan kowane malami yakan faɗi sunansa da asalinsa, da waɗanda suka koyar da shi, da littattafan da ya karanta ko ya rubuta, da halayensa, da shekarar rasuwarsa. Yakan kuma nuna inda ya samo labarin: ko ya gani da idonsa, ko mahaifinsa ya faɗa masa, ko ya karanta a wani littafi.

Tarihin ƙasar Hausa ma ya amfana da wannan aiki. A ciki akwai labarin Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma je Katsina. Akwai labarin Aida Ahmad, wanda ya zama alƙalin Katsina. Akwai kuma Mahluf al-Balbali, wanda ya koyar a Kano da Katsina. Duk mai binciken tarihin ilimi a waɗannan birane a ƙarni na 15 da na 16, dole ya leƙa littafin Ahmad Baba.

Komawa gida

Al-Mansur ya rasu a shekarar 1603, 'ya'yansa suka shiga rikicin gadon sarauta. Ɗaya daga cikinsu, Zaidan, ya ba Ahmad Baba izinin komawa gida. Ya isa Timbuktu a shekarar 1608, bayan shekara 14 a ƙasar waje. Da yawa daga cikin waɗanda aka tafi da su tare sun rasu a can. Malaminsa Bagayogo ma ya daɗe da rasuwa. Yana iya zama a Marakesh inda ake girmama shi, amma ya zaɓi ya koma garin da ya raunana, ya ci gaba da koyarwa da rubutu.

Wajen shekarar 1615 mutanen Tuwat, wani yanki na hamada da ayarin bayi yake bi ta cikinsa, suka aiko masa da tambayoyi game da bayin da ake kawowa daga kudu. Amsar da ya ba su ta zama littafi mai suna Mi'irajus Su'udi. A ciki ya bayyana cewa launin fata ba dalilin bautar da mutum ba ne. Ya ƙaryata labarin da wasu suke kafa hujja da shi, wai baƙaƙen mutane an la'ance su ne tun daga kakansu. Ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, kamar Barno da Kano da Katsina da Songhai da Mali, ya ce bai halatta a mallaki mutanensu ba. Ya kuma ce idan bawa daga irin waɗannan ƙasashe ya yi iƙirarin shi ɗa ne, a karɓi maganarsa.

Gaskiya ta wajabta a faɗi iyakar wannan fatawa. Ahmad Baba bai haramta bauta ɗungurungum ba. Ya bi hukuncin malaman zamaninsa, wanda ya yarda a bautar da waɗanda ba Musulmi ba idan an kama su a yaƙi. Ya lissafa wasu al'ummu da kariyarsa ba ta shafa ba, kuma a cikin jerin akwai Yarbawa. Masana suna ɗaukar wannan a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka rubuta sunan Yarbawa. A yau mun san cewa bautar da kowane mutum zalunci ne, ko mene ne addininsa ko ƙabilarsa. Mai nazarin tarihi yakan yaba wa mutum inda ya yi daidai, ya kuma nuna inda ya gaza.

Ahmad Baba ya rasu a Timbuktu a watan Afrilu na shekarar 1627, yana da shekara 70. Ya bar littattafai fiye da 40 a fannin fiƙihu da nahawu da tarihin malamai.

Gadon da ya bari

Wajen shekarar 1655 wani ɗan Timbuktu mai suna Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta Tarihus Sudan, babban littafin tarihin birnin da daular Songhai. Ya ɗebo labarin malamai da yawa daga littattafan Ahmad Baba. A ƙarni na 19 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ɗansa Muhammadu Bello sun kafa hujja da maganganunsa a rubuce-rubucensu. A shekarar 1853 kuma wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga kwafin Tarihus Sudan a Gwandu, cikin Jihar Kebbi ta yanzu. Saboda shaharar Ahmad Baba, Barth ya ɗauka shi ne marubucin. Sai daga baya aka gano na As-Sa'adi ne.

A shekarar 1973 aka buɗe wata cibiya a Timbuktu mai ɗauke da sunansa, don tattara tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu. Ta tara dubun-dubatarsu. Wasu da yawa kuma suna hannun iyalai, waɗanda suka gaje su kaka da kakanni, suna ajiye su cikin akwatuna. A shekarar 1988 hukumar UNESCO ta sa masallatan nan uku da hubbarorin waliyyan birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Har yanzu mutanen gari sukan taru su yi wa masallatan yaɓe, magina suna gaba, matasa suna ɗauko ƙasa da ruwa.

Abin da ya faru a zamanin Ahmad Baba ya so ya maimaita kansa. A shekarar 2012 'yan bindiga suka mamaye Timbuktu, suka rusa hubbarori da dama. A watan Janairu na 2013, da za su fice, suka ƙona littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Amma kafin wannan rana, mutanen gari sun riga sun fitar da mafi yawan littattafan birnin a ɓoye. Sun zuba su cikin akwatunan ƙarfe, suka bi da su ta mota da ta kwalekwale har Bamako. Malamai da direbobi da masu jiragen ruwa ne suka yi aikin, suna sane da cewa idan aka kama su, ransu yana cikin haɗari. Daga baya maginan garin suka sake gina hubbarorin da aka rusa.

Kowane gari yana da nasa Bagayogo: malami, ko ungozoma, ko maƙeri, ko mai sulhunta jama'a, wanda kowa ya san shi a yau. Bayan shekara 100 ba wanda zai san shi, sai idan wani ya rubuta. A Nijeriya akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan da Kaduna da Enugu, jami'o'i kuma suna da nasu ɗakunan adana tsofaffin takardu. Amma labarai da yawa ba su kai can ba tukuna. Suna bakin tsofaffin unguwarku, da cikin tsofaffin wasiƙu da hotunan da ke gidajenku. Ahmad Baba ya fara ne da kakansa da mahaifinsa da malaminsa. Ku ma daga nan za ku fara.

Ma'anar kalmomi

Ganiya: lokacin da abu ya kai matuƙar ƙarfinsa.
Zango: wurin da matafiya suke sauka su huta.
Ayari: taron matafiya da dabbobinsu masu ɗauke da kaya.
Lizimta: manne wa mutum, a riƙa zama tare da shi kullum.
Mubaya'a: alkawarin yin biyayya ga shugaba.
Wawashe: kwashe kayan mutane da ƙarfi.
Shamaki: abin da ya raba tsakanin mutane biyu, kamar labule.
Fatawa: amsar da malami yake bayarwa a kan tambayar shari'a.
Giɓi: wurin da aka bari babu komai.
Hubbare: ginin da aka yi a kan kabarin babban mutum.
Yaɓe: shafa wa bango sabuwar ƙasa don ya yi ƙarko.

Tambayoyi

1. Me ya sa Timbuktu ta dace da ciniki?
2. Ku bayyana yadda ɗalibi yake samun ijaza a Sankore.
3. Wace dangantaka ce tsakanin kakan Ahmad Baba da birnin Kano?
4. Ku kawo halaye uku na Muhammad Bagayogo.
5. Me ya faru a masallacin Sankore a watan Oktoba na 1593?
6. Waɗanne abubuwa Ahmad Baba yake faɗa a kan kowane malami a littafinsa?
7. A ina fatawarsa a kan bauta ta yi daidai, kuma a ina ta gaza?
8. Ta yaya mutanen Timbuktu suka ceci littattafansu a shekarun 2012 da 2013?

Aikin gida

Ku je wurin wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku. Ku gaishe su da ladabi, ku roƙe su labarin wani mutum da ya yi wa garinku hidima kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ku rubuta tarihinsa da Hausa cikin jimla 15, kuna bin tsarin Ahmad Baba: sunansa da asalinsa, waɗanda suka koya masa, aikin da ya yi, halayensa, da lokacin rasuwarsa. Kada ku manta da faɗin wanda ya ba ku labarin.